Burkutu Ba Hayaƙi a Garwa

Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga Mubi ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya nuna mini wasu bukkoki da leɓe, ya ce, "To Malam, ga Kamaru nan." Na sauka na sallame shi, har da yi masa godiya. Sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace na tambayi wani dattijo mai kiwon awaki ina tashar motar Gidar. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ai nan Najeriya ce har gobe, in Kamaru nake so sai na haye wancan dutsen.

Ni Nomau, wanda ake aiko wa mota tun daga Funtuwa in je in duba injin da ya gagari masu takarda, ni ne wani ɗan acaɓa ya ajiye a daji kamar buhun gawayi. Na saɓi jakar kayan aikina, filaya da sukundireba da mita da damin waya, na kama hawa. Damina ce, dutsen da santsi, jakar kuma kowane taku sai ta ƙara nauyi. A can sama wata Bafulatana da ke tsugune bakin hanya ta ga yadda nake haki, ta zuba mini nono a ƙoƙo, ta ƙi karɓar komai. Ba ta jin Hausa, ba na jin Fulatanci. Ta nuna bakina ta ce, "Useko." Na maimaita, ta yi dariya. Daga baya na gane godiya take koya mini, kuma da wannan kalma ɗaya na shiga ƙasar mutane.

Gara in faɗi ko ni wane ne tun yanzu, don kada mai karatu ya yi mamaki a gaba. Ni Bamaguje ne daga wani ƙauye kusa da Malumfashi. Coci nake zuwa, ba na shan giya, amma a gindin tukunyar burkutu na girma, domin ita ce sana'ar Innarmu, kuma da ita aka sa ni makarantar koyon aikin lantarki. Hayaƙin murhu ne ya cinye ƙirjin Inna. Yayata Tabawa ta gaji sana'ar, ta auri wani direban motar auduga mutumin Kamaru, ya tafi da ita Garwa. Shekara biyu ke nan da ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu. Da ta kira ni a waya, tari bai bar ta ta gama magana ba. Abin da na iya tsinta shi ne likita ya ce ko ta rabu da murhu ko ta bi Inna.

A Gidar na fara sanin cewa akwai inda Hausa ba ta da sarauta. A gida, ko Bayarabe ya zo sai ya lanƙwasa harshensa ya yi tamu. Nan kuwa kowa Fulatanci, in abin ya tashi na takarda sai Faransanci. Na zauna a mota tsakanin wata mata mai kwandon kifi da wani mai akuya, ana ta hira ana dariya, ni kaɗai kamar kurma. Ba abin da ya fi ci mini rai irin in ga an kalle ni an yi dariya ban san me aka ce ba.

Na sami Yaya Tabawa a wani gida mai ɗaki biyu a bayan gari, can wajen kogin Binuwai. Da ta gan ni da laka har gwiwa ta fashe da dariya, ta ce, "Injiniya, a ƙasa ka zo?" Dariyar ba ta kai ƙarshe ba tari ya sarƙe ta, ta dafa bango, ta yi ta yi har hawaye. Na lura a kwanakin da suka biyo baya cewa haka abin yake kullum, duk dariyar da ta yi sai tari ya biyo. Har ta koyi danne dariya, ita da a gidanmu ake jin muryarta daga rijiya.

A tsakar gida akwai murhu uku da suka yi sanyi, da wata tsohuwar randa baƙa wuluk a jingine a inuwa. Randar ta surukarta ce, tsohuwar da kowa ke kira Dada. A cikinta ake zuba giyar ta tashi, kuma a danginsu ba a ba mace wannan randa sai an yarda ita 'yar gida ce. Bilbil suke kiran burkutu a can, amma abu ɗaya ne, jar dawa ce da ruwa da haƙuri.

Washegari Dada ta zo. Gajeriya ce, busasshiya, da sandar gora. Ta yi magana da Fulatanci, Yaya tana fassara mini tana kallon ƙasa. Maganar ba ta da tsawo. Matar da ba ta dafa bilbil ba ta iya ciyar da yara. In aka koma makaranta gidan nan bai koma sayar da bilbil ba, za ta kwashe jikokinta zuwa ƙauyensu wajen Kayele, Tabawa kuma ta koma ƙasar iyayenta. Saura mako huɗu.

Na ce, "Yaya, gaya mata zan haɗa miki tukunyar da ke dafuwa da lantarki. Ba itace, ba hayaƙi."

Yaya ta faɗa mata. Dada ta kalli wayar da ta ratso ta saman katanga, ta kalle ni, ta yi wata 'yar gajeriyar magana ta juya.

"Me ta ce?"

"Ta ce wutar da ba ta iya gasa masara ba, ita za ta dafa bilbil?"

A ranar na fara aiki, kuma a nan kam ba na jin kunyar yabon kaina. Wanda bai san aiki ba kasuwa yake fara zuwa. Ni mitar gidan na fara dubawa. Amfiya goma sha biyar take ɗauka, ke nan duk abin da ya wuce wat dubu uku zai kashe wutar gidan. Saboda haka na yanke shawarar hita biyu, kowace wat dubu ɗaya da ɗari biyar, kowace da makunninta, a kunna biyu in ana son tafasa, a bar ɗaya in ana son zafi ya tsaya. Tukunya kuma ta silba, mai cin lita sittin, domin tsamin dawa yana cin baƙin ƙarfe. Sai famfo a gindinta, don kada Yaya ta riƙa ɗaga ruwan zafi. Sai ma'aunin zafi. Sai waya mai kauri, ba irin ta rediyo ba. Abu na ƙarshe da na ja wa layi biyu a takardata shi ne bireka mai yanke wuta da zarar ta zurara, da sandar tagulla da za a kafa a ƙasa a ɗaura wa tukunyar. Na ga yadda Yaya ke aiki, ba takalmi, ƙasa a jiƙe. Ban zo in raba ta da hayaƙi in miƙa ta ga lantarki ba.

A babbar kasuwa aka yi mini wanka na biyu. Wani mai shagon kayan wuta ya fito mini da hita biyu masu ƙyalli a kwali, yana ta zuba Faransanci. Na ji kunyar in nuna ban gane ba, na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Mita tana cikin jakata, amma ban fito da ita ba, wai kada a ce baƙauye ne. Da na kai gida na gwada su a bokitin ruwa, ɗaya ba ta ko yi ɗumi ba, ɗayar kuma kafin la'asar fentin ya ɓare, ruwan ya yi ja da tsatsa. Na koma, mutumin ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Wannan abu ya ƙona mini rai fiye da na ɗan acaɓa, domin wancan a hanyarsa ya cuce ni, wannan kuwa a cikin sana'ata.

Ina tafe ina huci sai na ji wani yana faɗa wa mai turin kaya, "Kai, a hankali mana, ba duwatsu ba ne!" Hausa ce tsantsa. Na tsaya cik. Wani dattijo ne fari, da farin gemu, a ƙofar wani babban shagon tukwane da kayan wuta. Na yi masa sallama, ya amsa, da ya ji harshena sai ya ce, "Kai, wannan Katsinanci daga ina?" Ya jawo mini kujera. Sunansa Alhaji Sabo. Kakansa ne ya zo daga Kano da fataucin goro, shi a Garwa aka haife shi, bai fi sau uku ya taka Najeriya ba, amma ya tambaye ni labarin damina da farashin dawa kamar jiya ya baro.

A shagonsa na ga duk abin da ke takardata. Na nuna, ya sa aka sauko da su. Sai ya ce da ɗan Faransancinsu na can, "Bon, wannan tukunya haka, kunun sayarwa za a yi?"

Da na ce e, da an gama. Amma mutumin ya ba ni kujera. Na ce, "Alhaji, ba zan ɓoye maka ba. Bilbil ce. Ta yayata ce, hayaƙi zai kashe ta."

Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Ɗana, da ka yi mini ƙarya da na sayar maka. Tunda ka faɗi gaskiya, ba zan iya ba. Kayana ba za su shiga wannan aiki da sanina ba. Kada ka ji haushi."

Na ji haushi mana. Na miƙe zan tafi, ya ce, "Zauna. Ciniki ne na hana ka, ban hana ka abinci ba." Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka daga gidansa, da man shanu. Tun da na baro gida ban ci abin da ya yi kama da na Inna ba sai ranar. Ina ci ina sunkuyar da kai don kada ya ga idona. Da na gama ya raka ni bakin titi, ya ce, "Allah ya ba yayarka lafiya. Kuma ko allura za ka saya a ƙasar da ba ka jin yarenta, ka gwada ta a gaban mai ita. Kunya ba ta baƙo ba ce." Har yau in na tuna Garwa, shi nake fara tunawa, mutumin da ya ƙi sayar mini da kaya.

Wata maƙwabciyar Yaya ce ta ce a Marwa akwai mai walda da ke haɗa tukwanen silba na masu nono. Na hau mota na tafi. Marwa ta fi Garwa ruɗa ni. Na yi yini guda ina yawo a unguwar Dugoi, ina nuna wa mutane zanen tukunya a takarda, wasu su nuna gabas wasu yamma, har na same shi a wani lungu ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Mutumin Kuseri ne, dogo, Larabcin Cadi a bakinsa, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. Amma da na shimfiɗa zanen a ƙasa sai yare ya zama ba dole ba. Ya sa yatsa a inda na zana famfo, ya girgiza kai, ya ɗaga shi sama kaɗan don kada gari ya toshe shi. Na nuna masa inda hita za su shiga, ya ɗaga mini babban yatsa.

Kwana huɗu na yi a wurinsa, a rumfarsa nake kwana. Shi ya kai ni inda ake sayar da hita na gaske. Wannan karon na zazzage jakata a kan teburin mai shago, na auna kowace da mita, na goga mata mayen ƙarfe don in ga ko baƙin ƙarfe ce, na sa aka jona ta a bokiti muka tsaya har ruwa ya tafasa. Mai shagon yana ta gunaguni, ni ko a jikina. A rana ta uku zazzaɓi ya kama ni, na kwanta a kan kwali ina jin ana kiran salla da wata irin murya da ba irin ta garinmu ba, na ce a raina me ya kawo ni. Mai waldan ya kawo mini shayi mai zafi da magani, ya zauna yana yi mini fira da Larabci, ina amsa masa da Hausa, ba wanda ya san abin da ɗaya ke cewa.

Na dawo Garwa da tukunya a saman mota, tana walƙiya, mutane na leƙe. Kwana biyu na yi ina haɗawa. Na kafa sandar tagulla, na ɗaura bireka a bango inda ruwa ba ya kaiwa. Saboda ana yawan ɗauke wuta, na ɗinka wa tukunyar riga da buhu, na cusa mata auduga, yadda ko an ɗauke za ta riƙe zafinta. Da na kunna, cikin awa ɗaya da rabi ruwa ya tafasa, tsakar gida fes, ba hayaƙi ko na sigari. Matan unguwa suka cika gidan suna tafa hannu. A ranar ko sarki bai kai ni ba.

To, a nan ne kaina ya yi girma har ya rufe mini ido.

Yaya ta riga ta jiƙa dawa, ta shanya ta a inuwa ta yi tsiro, ta busar, an niƙo. Aikin mako guda ke nan da 'yan kai. Da za mu fara, ta kwaɓa garin da ruwan sanyi, ta ce a bar shi ya kwanta, sannan ta jawo wani tulu. Nan take na gane abin da za ta yi. Haka Inna take yi: in gari ya kwanta, sai ta kwashe ruwan da ya taso a kai ta zuba a tulu, ta rufe da faifai, ta kai inuwa, ta ce mana, "Wannan na kakanni ne, wanda ya taɓa sai hannunsa ya shanye." Tun ina makaranta nake yi wa wannan tulu dariya.

Na ce, "Yaya, bar wannan camfin. Na kalli yadda Turawa ke yi a waya, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Tukunya ɗaya ce. A zuba gari a jakar yadi, a tsayar da zafi a digiri sittin da biyar, awa ɗaya, an gama."

Ta ce, "Nomau, Inna ba haka take yi ba."

"Inna tana da ma'aunin zafi?"

Ta dube ni, ta mayar da tulun inda yake. Ta ga na sha wahala, ba ta so ta karya ni. Da ma ta karya ni.

Na tsayar da zafi a sittin da biyar daidai, ko ɗigo bai motsa ba. Aka tace, aka tafasa. Da la'asar Dada ta zo, domin labarin tukunya ya kai mata. Masu wannan sana'a ba sa jiran giya ta tashi kafin su san ta yi ko ba ta yi ba. Tun tana ruwan zaƙi ake ganewa. Dada ta tsoma yatsa, ta murza shi da babban yatsa, ta buɗe. Ba danƙo ko kaɗan. Ta ɗanɗana, ta tofar. Ni ma na ɗanɗana, salam, kamar ruwan da aka wanke ƙwaryar koko. Ba ta yi faɗa ba. Ta fita ta kira mai kura, aka ɗora randarta, aka tafi da ita. Yaya ta bi randar da ido har ta sha kwana, sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. 'Yan matan suna tsaye da littattafansu a hannu, sun gane abin da ake ciki.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Saura kwana goma sha biyu a koma makaranta, tsiron da za a iya yi kafin nan ɗaya ne tak.

Da safe na sami Yaya tana jiƙa sabuwar dawa. Na tsuguna na ce, "Yaya, na yi laifi. Nuna mini yadda Inna take yi, ba zan ce uffan ba."

Ta ɗebo ragowar garin tsiro da ya maƙale a buhu, ta kwaɓa a ƙoƙo, ta bari ya kwanta, ta tsiyaye ruwan kai a kofi. Ta ce in dafa mata kaurin da ya rage a ƙasa. Na dafa shi a 'yar tukunya har ya zama kamar kunu mai kauri, muciya na tsayawa a ciki. Ta bari ya huce, tana tsoma yatsa. Can ta ce, "Yanzu." Ta juye ruwan kofin a ciki ta motsa. Ina kallo, kaurin nan ya saki, ya tsinke, ya koma ruwa. Bayan ɗan lokaci ta miƙo mini ludayi. Zaƙi har cikin kunne.

Ta ce, "Ƙarfin tsiro yana cikin ruwan nan na kai. Wuta mai yawa tana kashe shi. Ita kuma dawa ba ta nuna sai da wuta mai yawa. Shi ya sa ake raba su, a dafa ɗaya, a ɓoye ɗaya, sannan a haɗa. Turawanka da dawa suke yi?"

Ba da dawa suke yi ba. Da sha'ir suke yi, wanda ke nuna da ɗan zafi kaɗan. Na kalli bidiyo ya fi ashirin ban taɓa tambayar kaina wane hatsi ne a jakar ba.

Na ce, "To, kakannin fa?"

"Kai da abokanka su Barau kuna shanye mata shi in ta juya baya. Me kake so ta ce muku?"

Ta fara dariya, ta danne da sauri.

Ashe kayan da na zaɓo ba su cika ba, kuma abin da ya rage ba a Marwa yake ba, yana jingine a bayan ɗakin Yaya. Tulu ɗaya, da tsohuwar tukunyarta ta dalma. Matsalar da ta rage ita ce kaurin, domin in ya taɓa hita zai kama ya ƙone, ɗaci ya ɓata komai. Na yi kwana biyu ina juya abin, sannan na lanƙwasa ƙarfe na yi 'yar ƙafa uku na sa a cikin babbar tukunya, sama da hita. Aka cika ta da ruwa, aka zaunar da tukunyar dalma a ciki. Ruwa ke dafa tukunya, tukunya ke dafa kauri, ba abin da zai kama. Wannan dabara tawa ce, ban gan ta a wayar kowa ba.

Ranar dafuwa ta biyu Yaya ce shugaba, ni ɗan kunna wuta. Ta kwashe ruwan kai ta zuba a tulu, ta rufe da faifai, na ɗauka da hannuna na kai inuwa. Ta tuƙa kaurin a tsaye, ba ta durƙusa tana hura wuta ba, ba ta share hawaye ba. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, amma rigar audugar ta riƙe zafin har aka dawo da ita. Da kaurin ya huce ta tsoma yatsa ta ce, "Yanzu." Na saci kallon ma'aunina, sittin da ɗaya. Na gwada ta sau uku a ranar, yatsan nan bai taɓa kuskure da fiye da biyu ba. Aka juye tulu, aka bar shi ya kwana ya ɗan yi tsami, washegari aka tace, na kunna hita biyu aka yi ta tafasawa har ruwan ya yi ja ya yi kauri, ƙamshi ya cika unguwa. Ƙamshin gidanmu ne sak, sai dai ba hayaƙi a cikinsa.

Ba mu aika wa Dada ba, ƙamshin ne ya kawo ta. Ta shigo da sandarta, ba ta gaida kowa ba. Ta zagaya tukunyar, ta taɓa rigar buhun, ta leƙa murhun nan uku ta ga ko toka babu. Idonta ya sauka kan tulun da faifai a kai, ta daɗe tana kallonsa. Yaya ta buɗe famfo ta tara mata a ƙoƙo. Ta jira ya huce, ta tsoma yatsa, ta murza, ta buɗe. Yatsun suka rabu da ƙyar. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Sannan ta ajiye ƙoƙon a ƙasa, ta juya ta fita.

Muka tsaya cirko-cirko. Yaya ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen zane. Ni kuwa na fara lissafin yadda zan koma Malumfashi da ita, mu haye dutsen nan, ba tare da 'ya'yanta ba.

Rana ta kusa faɗuwa muka ji ƙarar kura a ƙofar gida. Randar ce, an ɗaure ta da tsumma, Dada na biye tana yi wa mai turin faɗa kada ya fasa mata. Aka sauke ta a inuwar da take a da. Tsohuwar ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙulli, irin giya ne, busasshiyar kumfar da ake ajiyewa daga tsohuwar dafuwa don ta tayar da sabuwa. Nata ne na kanta, wanda ba ta taɓa ba Yaya ba ko lokacin da ɗanta ke da rai. Ta damƙa shi a tafin Yaya ta rufe da nata hannun. Sannan ta juyo gare ni, ta nuna ni da sanda, ta yi magana.

"Yaya, me ta ce?"

"Ta ce yaran za su koma makarantarsu." Ta share ido. "Kuma ta ce tukunyarka ta yi, amma a gaya maka har yanzu ba ta gasa masara."

Na dubi tsohuwar na ce, "Useko, Dada."

Yadda na faɗe shi da Katsinanci ne ya kashe Yaya. Ta fashe da dariya, irin ta da, wadda ake ji daga rijiya, ta riƙe ciki, ta yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Ni ban yi dariya ba. Na tsaya da filaya a hannu ina jiran tarin da ke biyo baya. Na jira, na jira. Bai zo ba.